Dalilin Da Ya Sa Littafi Na Uku Bai Fito Ba

 

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, amsar wata tambaya ce da aka fi shekara goma ana yi mini ina ta kauce-kauce. Duk inda na haɗu da mai karanta littattafaina, kafin mu gama gaisawa sai in ji an ce, "Wai ina na ukun littafin nan naki da ya tsaya a na biyu?" Wasu sun ce ɓatawa muka yi da ɗan kasuwar da ke buga mini a Kano, wasu sun ce maigida ne ya hana, har na taɓa jin an ce ai marubuciyar ta rasu. To ga ni da raina, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ni na hana shi fitowa da hannuna. Sai dai kafin in ɗauki biro na je na nemi izinin mutum biyu da maganar ta shafa, sun amince bisa sharaɗin ba suna, ba sunan gari, kuma in sauya duk wata alama da za ta sa baƙo ya gane su. Na kuwa sauya.

Da yawanku ba su san ni Kirista ba ce, 'yar ɗarikar Katolika, domin duk taurarin littattafaina Musulmi ne mazauna birnin Kano, abin da kasuwa ke so ke nan. Amma ni Bahaushiya ce gaba da baya, daga kudancin Jihar Katsina. Kakana Bamaguje ne, ya karɓi baftisma a hannun Fada-Fadan Dominikan, waɗanda suka fara aiki a ƙasar Sakkwato a shekarun 1950. Da Hausa muke Misa, da Hausa muke waƙa, matanmu na buga tulu da ƙwarya. Mu da maƙwabtanmu Musulmi kuwa tuwon Sallah na shigo mana, shinkafar Kirsimeti na shiga musu. Don haka idan na yi bayanin wani abu na cocinmu wanda 'yan uwana Kirista suka riga suka sani, sai su yi haƙuri, saboda sauran masu karatu ne.

Cocinmu ba babba ba ne. Fada ɗaya gare mu, shi ke zagaya ƙananan coci-cocin ƙauyuka a kan babur, wani ƙauyen sai ya yi wata bai gan shi ba. Wanda ke riƙe da mu kullum shi ne Baba Katikis, dattijo ne da ya yi makarantar horar da katikis ta Malumfashi. Shi ke koya wa yara katikisim, shi ke jagorantar addu'a in Fada ba ya nan, shi ke sasanta ma'aurata, in an yi mutuwa shi ake fara bugawa ƙofa. Mata kuma muna da Zumuntar Mata Katolika, mu ke dafa abincin biki da na makoki, mu ke zagayen marasa lafiya, muna da adashi da asusun taimako. Sannan an raba mu unguwa-unguwa, gida goma ko sha biyu, kowace Laraba da yamma mu taru a gidan ɗaya daga cikinmu, a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa, kowa ya faɗi abin da ya fahimta, a yi addu'a a watse. A irin wannan zama babu abin da ke ɓoyuwa, an san wanda hatsinsa ya ƙare, an san wadda mijinta ya koma shan burkutu.

A wannan rukuni na unguwa nake tare da wadda zan kira Yaya. Shekara biyu ta ba ni, kuma ita ta riƙe 'yata ta fari ranar baftisma, wato ita ce uwarta ta ruhaniya, dangantakar da a wurinmu ba ta yankewa har mutuwa. Mace ce mai kawaici, mai muryar waƙa, ita ke ba da waƙa a Zumunta mu amsa. Akwai yaro namiji a hannunta wanda kowa ya sani ɗan yayarta ne da ta rasu, yana kiranta Anti.

A watan Oktoba na 2009, watan da muke bin gida-gida muna jan Rosari, aka yi addu'a a gidanta. Kowa ya watse sai ni, ruwan ƙarshen damina ya tsare ni. Muna zaune a ɗakinta fitilar ƙwai na ci, sai ta jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin katifa ta ciro katin baftismar yaron, domin Bishop zai zo ɗora wa yara hannu ya shafa musu mai, an ce kowa ya kawo katinsa. Ta daɗe tana kallon katin, sai na ga hawaye. Ta ce, "Ƙanwata, sunan da ke nan a wurin uwa ba daidai ba ne. Ni na haife shi."

Ta ba ni labari tiryan-tiryan. Tana 'yar shekara 17 ta yi ciki, aka tura ta wurin yayarta a ƙasar Zariya ta haihu a can, yayar ta karɓe shi a matsayin nata. Da yayar ta rasu sai ta ɗauko shi da sunan riƙo. Mijinta ya sani tun kafin aure, iyayenta sun sani, sai Fadan da ta furta wa zunubinta. Yaron kam bai sani ba. Ta ce, "Jira nake ya gama sakandare ya yi hankali in faɗa masa da bakina. Cikina ne ya cika, shi ya sa na gaya miki. Don Allah ki taya ni da addu'a." Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, har kabarina."

Na riƙe kuwa, shekara huɗu ban faɗa wa ko maigidana ba. Amma mai karatu, akwai wani ciwo da ke jikinmu mu marubuta wanda ba mu cika faɗa ba. Ana ba ka labari kana share hawaye, wani sashe na zuciyarka kuma yana cewa, kai wannan zai yi daɗi a littafi. A 2013 kasuwar littafi ta fara ja da baya, mutane sun koma karatu a waya, ɗan kasuwata ya ce in kawo abin da zai girgiza mata ko kuwa ya daina saka kuɗinsa. Sai labarin Yaya ya dawo mini. Na ce wa kaina ai zan sauya komai. Na mai da su Musulmi, na kai su Kano, na mai da mijin Alhaji mai kanti a Kwari. Abu ɗaya na bari saboda daɗinsa ya yi mini yawa, wato alamar da uwar da ɗan suke da ita iri ɗaya. A nan bari in ce cindo ne, su biyun an haife su da shi a hannun hagu an cire, tabon ya zauna. A kan wannan tabo na gina ƙarshen littafi na biyu, inda yaron ya kama hannun matar yana kallo.

Na ɗaya da na biyu suka fito a 2014, suka karɓu. Hankalina kwance, domin matan cocinmu ba su cika sayen littafi ba. Abin da ban lissafa ba shi ne rediyo. A 2015 wani gidan rediyo ya fara karanta shi da daddare, mata na jin sa suna tsince wake. Ranar da aka zo wurin tabon, washegari a bakin famfo wata ta ce, "Ni kuwa na san wasu masu irin wannan tabo." Shi ke nan. Magana zarar bunu ce. Cikin mako biyu ta zaga unguwa, ta shiga Zumunta, ta isa majalisar samari, inda wani ya yi wa yaron gori da ita a kan musun ƙwallo. Yana da shekara 19 a lokacin. Ya zo gida ya kama hannun Yaya ya tambaye ta, ba ta musa ba. Da asuba ya ɗauki jakarsa ya tafi Kaduna, ya kashe wayarsa.

Daga ranar Yaya ta daina zuwa Zumunta, ta daina taron Laraba, daga baya ta daina zuwa Misa gaba ɗaya. Ba ta zo ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. In mun haɗu a hanya sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ni fa? Ni na ci gaba da harkokina. Ni ce sakatariyar Zumunta, ni ke hawa in yi karatu a Misa saboda an ce na fi kowa iya karanta Hausa. In wata ta yi mini zancen sai in ce, "Ƙagaggen labari ne, dacewa ce kawai, ai mai tabo ba ɗaya ba ne a duniya." Har wurin furta zunubi na je na ce wa Fada, "Na yi gulma," ya ba ni addu'o'in tuba na yi, na tashi na karɓi Jibi. Ban yi ƙarya ba a ganina, amma na san na ɗauki giwa na kira ta ɓera. Kuma ku duba wannan abu, Fadan da ke zaune yana saurarena, dokar Ikilisiya ta hana shi faɗin abin da ya ji a wurin furci ko da za a yanka shi, in ya faɗa ya fita daga tarayyar Ikilisiya nan take. Shi ya riƙe sirrin Yaya, ni da na yi rantsuwa da kabarina na kai shi kasuwa.

Haka aka tafi fiye da shekara. Sai Makon Ista na 2017 ya zo.

Ranar Alhamis Mai Tsarki da yamma muna yin Misar tunawa da jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, kuma a cikinta ne Fada ke tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura tawul, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu. Da can maza kaɗai ake zaɓa. A watan Janairu na 2016 Paparoma Francis ya sa aka sauya ƙa'idar, aka ba da dama a haɗa da mata. Cocinmu bai fara ba sai a 2017, inda Fada ya ce maza shida, mata shida. Ranar Talata Baba Katikis ya aiko yaro ya ce ina ciki.

Kada ku so ku ga murnata. Na kwana biyu ina goge kaushi da dutse, na sa aka yi mini lalle, na fito da sabon takalmi. A raina ina cewa mata na farko a tarihin cocinmu, kuma da ni a ciki, ai dole, wa ya kai ni hidima? Na je wanki da ƙafar da na riga na wanke tas don kada a ga dattinta.

Muna tsaye a bayan coci ana jera mu, zafin bazara kamar ya dafa mutum, sai Baba Katikis ya matso kusa da ni yana gyara hularsa. Ya ce a hankali, "'Yata, kin san kujerar wa za ki zauna?" Na ce a'a Baba. Ya ce, "Ta Yayarki ce. Ita Fada ya fara aika ni wurinta, sau biyu ina zuwa. Ta ce ƙafarta ba ta isa ta taka cocin ba balle a wanke ta. Da ta ƙi ne aka ce a sa ki." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya wuce ya kama jera maza.

Ni ce kuma mai karatu na biyu a daren, daga wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 11. Na sha karanta wurin, amma ranar idona ya sauka kan ayoyin da ke kewaye da shi, inda Bulus ke yi musu faɗa cewa suna taruwa cin jibin Ubangiji alhali sun rarrabu, wani ya ƙoshi wani na jin yunwa, yana kuma gargaɗin kowa ya binciki kansa kafin ya ci. Muryata ta yi rawa, mutane suka ɗauka shauƙin ibada ne.

Sai Fada ya karanta Bishara daga Yohanna sura 13. Bari in ba ku shi da bakina. Ana cikin cin abinci Yesu ya tashi, ya ajiye mayafinsa, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro ya bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafa. A ƙasarsu ta ƙura da takalmin fata wannan aikin bawa ne, ko ƙaramin gida. Da ya zo kan Bitrus sai Bitrus ya janye ƙafa ya ce sam ba za a yi haka ba. Yesu ya nuna masa cewa in bai yarda an wanke shi ba, to ba shi da rabo tare da shi. Da ya gama ya ce musu misali ya ba su, su ma su riƙa yi wa juna. Cikin masu Bishara huɗu Yohanna kaɗai ya kawo wannan labari. Luka kuma a sura 22 ya gaya mana cewa a kan wannan tabarmar cin abinci almajiran suka kama gardamar wane ne babba a cikinsu. Kun ga ashe halin sakatariyar Zumunta ba yau ya fara ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Yahuza. A lokacin wankin bai riga ya fita ba, yana zaune, ya gama shirya cinikinsa, Yesu kuma ya sani. Duk da haka ya durƙusa a gabansa ya kama ƙafarsa. Kullum in ana karanta labarin nan ina ajiye kaina kusa da Yohanna, ko in na yi tawali'u in ce ni Bitrus ce. Ranar na gane wanda ya ci tuwo ƙwarya ɗaya da mutum, ya san inda yake keɓewa ya yi addu'a, sannan ya sayar da wannan sani a kan kuɗi. Yaya a wurin addu'a ta buɗe mini cikinta.

Da Fada ya iso kaina ya durƙusa, saurayi ne ƙanin bayana, gumi na ɗiga daga goshinsa. Ya zuba ruwa a kan lallena, ya goge, ya ɗago ya yi mini murmushi. Na so ƙasa ta tsage. Da aka zo karɓar Jibi ban tashi ba, karo na farko tun ina yarinya. Bayan Misa aka kwashe kayan bagadi aka bar shi tsirara, ƙararrawa ta yi shiru sai daren Ista, jama'a suka zauna tsaro a gaban Jibi Mai Tsarki zuwa tsakar dare. Ina durƙushe wata koyarwa ta Matiyu sura 5 ta yi ta yi mini yawo a kai, inda Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa gaban bagadi, sai ya tuna ɗan'uwansa na da wata magana a kansa, to ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ban taɓa lura ba sai ranar, ba a ce in kai ne ke jin haushi ba, an ce in shi ne ke da magana a kanka. Ni ba na jin haushin Yaya, shi ya sa na ɗauka ba ni da matsala.

Washegari Juma'a, kafin a fara bin Hanyar Gicciye, na tafi gidanta. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce. Ba dacewa ba ce, da gangan na rubuta. Na ci amanarki."

Ta ci gaba da ɓara kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Nawa aka biya ki?"

Na ce, "Yaya..."

Ta ce, "Tambayarki na yi."

Na faɗa mata gaskiya, bayan an cire kuɗin ɗab'i abin da ya shigo hannuna bai wuce Naira dubu 45 ba. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe ɗana da araha." Sannan ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

A littafi da a nan za a rungume juna a yi kuka a rufe babi. Ni kuwa na fi awa ɗaya a durƙushe, ba ta fito ba, na tashi na tafi.

Na samu Fada na sake furci, wannan karon na kira abin da sunansa. Na kuma zo da shawarata, na ce ranar Lahadi zan tashi gaban jama'a in nemi gafara a fili. Na je na gaya wa Baba Katikis, sai ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, kin tona ta a rediyo, yanzu kuma za ki sake tona ta a lasifikar coci? Wa zai amfana, ita ko ke?" Na yi shiru, domin ya gano ni. Ashe har tubana ma so nake a yi masa tafi. Ya buɗe mini Matiyu sura 18, ya nuna mini yadda Yesu ya tsara gyara tsakanin 'yan'uwa, a fara daga mutum biyu su kaɗai, in bai yiwu ba a ƙara ɗaya ko biyu, kai magana gaban taro shi ne na ƙarshe. Ya ce, "Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. An wanke miki taki, sai ki taka ta."

Na tambaye shi me zan je in ce. Ya ce kada in ce komai, in dai je.

Na fara zuwa kowace Laraba bayan taron unguwa. In na tarar tana surfe in karɓi taɓarya, in wanki ne in kama ɗauraya. Ba ta hana ni, ba ta kuma yi mini magana. Na kira ɗan kasuwata na ce a dakatar da sake buga na ɗaya da na biyu, na uku kuma da na riga na rubuta rabi na cusa shi a murhu. Ya yi faɗa sosai, yana da gaskiya, kuɗinsa ya saka, sai da na yi shekara ina biyansa da kaɗan-kaɗan. Da zaɓen Zumunta ya zo ban sake tsayawa ba, na shiga layin masu sharar coci ranar Asabar. Ba na faɗi wannan don a yaba mini ba, wanda ya fasa tulu in ya kwashe sakaina ba gwaninta ya yi ba.

A nan ne kuma na ga abin da ake kira Ikilisiya, wanda da ina sama ban gani ba. Ashe duk tsawon lokacin nan wasu tsofaffin mata biyu da ba su iya ko karatu ba suna zuwa wurinta kowace Lahadi bayan Misa, su gaya mata Bisharar da aka karanta yadda suka riƙe, su ja Rosari tare. Ashe kuɗin adashinta wata ke zuba mata ba ta faɗa wa kowa ba. Matar da ta fara maganar a bakin famfo ita ma ta je ta ba da haƙuri tun kafin ni. Ina riƙe da littafin minitin Zumunta amma ban san ko ɗaya ba.

Mu Hausawa kalmar da Littafi Mai Tsarki ya ba mabiyan Yesu ita ce almajirai, kalmar da kowa ya sani a ƙasar nan. Almajiri ya bar gida, ya zauna a gaban malami, ya ci abin da ya samu tare da 'yan'uwansa, kuma ba shi ya zaɓi waɗanda za su kwana zaure ɗaya ba. Yesu ma ya haɗa Matiyu mai karɓar haraji wa Romawa da Saminu mai kishin ƙasa a tawaga ɗaya. Da ina ɗauka almajirancina tsakanina da Allah ne, mutanen coci kuwa 'yan kallo ne. Yanzu na san darasin nawa sunan mutum gare shi, da gida, da ƙofar da zan buga.

Wata na bakwai ina zuwa, wata Laraba cikin hunturu na iso ƙafata butu-butu da ƙura. Ina shiga sai ta tashi ta ɗauko buta ta zuba ruwan ɗumi daga tukunya, ta ajiye a gabana ta ce, "Wanke ƙafarki, kin sha hanya." Na ce a'a Yaya, bar shi, ban cancanta ba. Ta ce, "Ni ma haka na ce wa Baba Katikis. Wanke." Na zauna a kan turmi ina wankewa ina kuka, ita kuma ta koma kan aikinta. Maganar da muka yi ke nan, amma a Kirsimetin shekarar ta shigo coci ta zauna a bencin ƙarshe.

Saura yaron. Sau biyu muna zuwa Kaduna da Baba Katikis, yana aikin walda. Zuwan farko ya ƙi ganina. Na biyu ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ke kin ba ni haushi, amma ita ta fi ba ni, shekara 19 ina yi wa kabarin wata addu'a a matsayin uwata." Na ce masa ta yi niyyar gaya masa da bakinta, ni na ƙwace mata wannan rana, kuma ba ni da yadda zan mayar. Bai ce komai ba. Sai a 2019 ya fara zuwa gida. Yanzu ya yi aure, yana kawo mata jikoki, amma har yau Anti yake kiranta. Ta ce mini ta daina sa ran ɗaya sunan. Duk ranar da na ji ya kira ta haka sai in ji kamar an soka mini allura, kuma ina ganin daidai ne in ji.

A 2023 aka yanke mana Dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama Bishop na farko. A watan Disamba muka yi hayar mota muka tafi bikin naɗin, duk mun sha ankon Zumunta. Ina neman wurin zama sai na ji an ja gefen zanena, Yaya ce ta matsa mini. Muna fita gari mata suka ce sai ta ba da waƙa. Ta yi ta nonnoƙewa, daga baya ta gyara murya ta ɗauko, muka amsa. Rabon da in ji wannan murya tun 2015.

To masu tambaya, kun ji inda na uku ya tafi, kuma ba zai fito ba. Ina roƙon wanda ke da na ɗaya da na biyu ya yi haƙuri da ƙarshen da bai samu ba. 'Yan'uwana marubuta kuma, Musulmi da Kirista, ban isa in yi muku wa'azi ba, sai dai in ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni yanzu duk labarin da na san mai shi, sai na je na zauna a gabansa na karanta masa kafin ya bar hannuna. Wannan ma da kuke karantawa ranar Laraba na karanta wa Yaya shi, ta sa na cire wurare biyu, na cire.

Ku taya mu da addu'a, ni da ita da yaron. Sai mun haɗu a sabon labari in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.